Kawun Falalu Mai Tafiya Makka

Ba a rufe ƙofar zauren Alhaji Rufa'i da ke unguwar Marjandafak a N'Djamena da rana. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Zazzau a ƙafa zai je Makka, guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Shari, ya ce bari ya ɗan tsaya ya yi sana'a. 'Yar tsayawar nan ce har ya ga jikoki. Kafin ya rasu ya bar wasiyya: duk matafiyin da ya nufi gabas a ba shi tabarma da tuwo, kada a tambaye shi ranar tashi.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar Falalu ya jingine babur ɗinsa a ƙofar gidan, ya shiga gaida surukai da ƙunshin goro. Makanikin babura ne a unguwar Abena, an kuwa riga an sa ranar aurensa da Lubna, 'yar Alhaji, bayan babbar salla.

"Ga angona!" in ji Kaka Hansai, mahaifiyar Alhaji, tana fifita gawayin shayi. "Lubna, fito ki ga mijin da kike son ƙwace mini! Ni ban ga abin rububi a nan ba, sai dogon wuya."

"Kaka, in kin gaji da shi ki sakar mini mana," Lubna ta amsa daga ɗaki tana dariya.

Bai gama durƙuso ba Alhaji ya kira shi. "Falalu, zo ka samu albarka! Allah Ya kawo mana baƙo, Malam Abdulmuhaimin. A ƙafa yake tafiya Makka, yaƙin Sudan ne ya tare masa hanya."

Falalu ya leƙa ɗakin baƙi. Dattijo ne a kan buzu, fari fat da gemu, ga carbi kamar igiyar guga. Falalu ya ƙura masa ido. Ko a cikin dubu zai gane wannan hancin. Kawu Zubair ne, ƙanin mahaifiyarsa!

Kawu shi ya raine shi tun rasuwar uwarsa a Gashuwa, kuma rainon da sana'a ya zo. Daga masallaci zuwa tasha suke yawo, Kawu a matsayin matafiyi mai zuwa Makka, Falalu kuma ɗansa mai farfaɗiya. Yaro ya cusa gutsuren sabulu a kunci, ya yi tari, ya zube ƙasa yana kumfa. Kawu ya cire hula ya rafka kururuwa, jama'a su taru, masu tausayi su jefa sadaka, marasa tausayi kuma hannun hagun Kawu ya gaisa da aljihunansu. Da Falalu ya yi hankali ya tsani kansa, ya gudu, ya ƙetare gadar Ngeli ya shigo N'Djamena da riga ɗaya. Shekaru ya yi yana wanke wa wani makaniki ƙarafa kafin ya kafa rumfarsa, bai sake taɓa ko allurar wani ba. Lubna ta san shi maraya ne. Sauran bai taɓa samun bakin gaya mata ba.

Wayar Alhaji ta yi ƙara ya fita amsawa. Nan take dattijo ya ajiye carbi.

"Ɗan nema! Ashe nan ka faɗo? Kai, ka iya zaɓen gida!"

"Kawu, don girman Allah ka tashi ka bar mutanen nan."

"In bar su? Tsohuwar ta yi mini alkawarin awarwaronta na zinari, in sayar in hau jirgi, wai in ƙarasa tafiyar da ubanta bai ƙarasa ba. Juma'a mai zuwa za ta ba ni, gaban jama'a. Kai ka sha aurenka, ni in sha iskata."

"Zan faɗa musu."

Kawu ya yi murmushi ya shafa gemu. "Faɗa mana. Amma sai ka fara gaya musu inda ka san ni."

Washegari da yamma Lubna ta dawo daga makarantar koyon jinya ta tarar da shi zaune a dakalin ƙofar gida, ya yi zuru-zuru. Bai yi kwana-kwana ba, ya kwashe komai ya gaya mata, har da sabulun. Hawaye suka riƙa sauka kan littattafanta.

"Haba Falalu! Duk zancen da muka sha a dakalin nan, ba ka ga na isa ka gaya mini ba?"

"Tsoro ne, Lubna. Ban taɓa samun abin da nake tsoron rasawa ba sai ke."

Ta share ido da gefen gyale. Sai ta tuna da Kaka, wadda rabonta da barcin kirki tun zuwan baƙon, don murna za ta cika wa mahaifinta buri. "Bon, to, ji nan," ta ce a hankali. "Na san inda take ajiye awarwaron. In ɗauke in ɓoye, har mutumin ya gaji ya tafi. Babu wanda zai ji labarinka."

"Kin gani ko? Yini ɗaya da sanin danginmu har kin fara sata!"

Dariya ta ƙwace mata a tsakiyar kuka. Shi kuwa bai yi ba.

"Ko kin ɓoye, wani abin zai ɗauka, ko ya koma wani gidan. Da bakina zan faɗa."

"Abba zai fasa auren."

"Na sani."

Juma'a ta zo. Bayan an sauko daga masallaci maƙwabta suka cika zaure, ana zagayawa da shayi. Malam Taufiq mai sayar da atamfa, aminin Alhaji, shi ya zauna dab da baƙo don kwaɗayin albarka. Kaka Hansai ta fito da ƙulli a hankici. Tana shirin miƙawa Falalu ya miƙe tsaye.

"Kaka, dakata! Baba, ku gafarce ni. Wannan ba Malam Abdulmuhaimin ba ne. Sunansa Zubair, kawuna ne, kuma tun ina yaro yake tafiya Makkar nan bai taɓa wuce tasha ba. Damfara ce. Na sani, don tare muka yi ta."

Kawu ya ɗaga ido sama, hawaye suka zubo masa shar, kamar an kunna famfo.

"Ban taɓa ganin yaron nan ba sai a gidan nan. Kada ku taɓa shi, jama'a, da alama kansa ne. Na yafe masa."

"Subhanallahi! Ji haƙuri irin na bayin Allah!" in ji Malam Taufiq. Nan fa aka yi wa Falalu ca. Alhaji ya nuna masa ƙofa, ransa a ɓace. "Baƙona za ka ci wa mutunci a zaurena? Fita!"

Falalu ya san kawunsa, shi ya sa bai zo hannu wofi ba. Ya juya kamar zai fita, ya zaro ɗan gutsuren sabulu daga aljihu ya tura a kunci. Kunya ta kama shi har cikin ƙashi, ga surukai, ga Lubna tana leƙe ta bayan labule. Ya rintse ido, ya yi tarin nan na da, ya zube ƙasa warwas yana shure-shure, kumfa na fita ta gefen baki.

Kafin kowa ya motsa, Kawu ya yi wuf ya tashi, carbi ya yi gefe, hula ta bar kai ta koma hannun dama.

"Wayyo al'ummar Annabi! Ɗana ne! Ɗana guda, uwarsa ta rasu a hanya ta bar mini shi — ku taimaka da na magani, ku taimaka wa matafiyi—"

Sai ya tsaya cak. Jikin da ya saba da aiki ya riga hankali tashi. Ga hula a miƙe, ga kuma hannunsa na hagu har wuya a cikin aljihun Malam Taufiq.

Falalu ya tashi zaune ya tofar da sabulu. "Wannan ce sana'ar, Baba," ya ce. "Ni ne mai faɗuwar."

Samarin unguwa suka cukuikuye Kawu suna ihun a kai shi komisariya wurin 'yan sanda. Falalu ya rarrafa ya shiga tsakani. "Ku yi mini rai ku bar mini shi! Ko me ya yi, lokacin da ba ni da kowa shi ya goye ni. Bai tafi da komai naku ba." Malam Taufiq ya lalubi aljihunsa, ya tabbatar, ya ce a sake shi.

Alhaji Rufa'i bai ko dubi Falalu ba. "Ɗauki kawunka ku tafi. Maganar aure kuma, kalas, ta ƙare! Ban haifi 'yar da zan kai gidan 'yan damfara ba." Daga bayan labule kukan Lubna ya fashe. Falalu ya ɗora Kawu a bayan babur ya ja, bai ga hanya sosai ba har Abena.

Kawu ya yi 'yan kwanaki a ɗakinsa yana kushe miya, wata safiya kuma aka nemi mutum aka rasa, tare da wayar Falalu da takalmin da ya saya don ranar aure. Labari ya zaga gari. Yara suka sa wa Falalu suna Mai Sabulu, wasu masu babura suka ɗauke ƙafa daga rumfarsa. Babbar salla ta zo ta wuce. Ya rame, amma bai aika wa Lubna ko gaisuwa a ɓoye ba, ita ma ba ta neme shi a bayan idon mahaifinta ba. Abin da ya ji daga bakin mutane shi ne, duk wanda aka kawo mata sai ta durƙusa ta ce, "Abba, ba zan saɓa maka ba, amma ka bar ni in jira." Irin wannan haƙuri a wurin yara biyu masu jini a jika, sai dai a yaba.

Wata ranar da damina ta ja baya, yana tsugune yana ɗaure sarƙar wani babur, sai ga ɗan klando, mai haya da babur, ya tsaya a gabansa. A bayansa Kaka Hansai ce ta ƙanƙame shi kamar za ta karya masa haƙarƙari. Can baya kuma ga tasi, Alhaji ya fito da sauri yana haki.

"Inna! A shekarunki babur?"

"Na ce ka kawo ni ka tsaya inda-inda! Rufa'i, ni aka so yi wa sata, ba kai ba. Ni kuma ban ga ɓarawon da ya birkiɗa cikin ƙasa gaban surukansa don ya tsare mini kayana ba. Ga shi nan, tambaye shi abin da ke hana ka barci."

Alhaji ya yi gyaran murya. "Falalu, me ya sa ba ka yi shiru ba? Da ka kame bakinka, babu wanda zai taɓa sani."

"Ni zan sani, Baba. Kullum in zo gaida Kaka, ta ba ni shayi da hannun da na bari aka tuɓe."

Alhaji ya juya baya ya ɗauki lokaci yana gyara hular da ba ta karkace ba. Da ya juyo, idonsa ya yi ja. "Ka turo magabatanka," ya ce, sannan ya tuna yaron ba shi da kowa a garin.

Ranar ɗaurin aure zaure ya cika har titi. Liman ya tambayi waliyyin amarya, Alhaji ya amsa. Ya ce, "Wa zai karɓa wa ango?" Falalu ya sunkuyar da kai, don duk N'Djamena ba shi da wanda suka haɗa jini. Sai Malam Taufiq ya gyara zama, ya matso gaba.

"Ni ne babansa," ya ce. "A ba ni."

Ku da kuke tasowa, babu wanda aka yi shawara da shi kan dangin da zai fito daga cikinsu, amma kowa shi ke zaɓen abin da zai yi da bakinsa ranar da gaskiya za ta ci masa abin da ya fi so. Falalu ya faɗe ta yana ganin ya rasa Lubna, ya kuma yi haƙuri da abin da ya biyo baya. Sai Allah Ya ba shi ita, Ya ƙara masa da uba.