Jitar da Ya Sayar Saboda Ni

"Wannan kukan aljanun ne ka kawo min zance?" Na kashe rikodar na yi wurgi da kaset ɗin.

Zuhair ya duƙa ya ɗauka, ya goge da hannun rigarsa.

"Haba Mashkura, masoyiyata... ƙungiyarmu ce sabuwa, ni ke kaɗa jitar. Ki saurara sau uku kawai."

"Ko sau ɗaya kaina ciwo yake!"

Ya ajiye shi a kan tabarma ya tafi.

Kafin sati ya zagayo, Sharhabilu, wanda na ƙi aurensa tun bara, ya kai wa Baffa labari wai kiɗan bori su Zuhair suke yi a Limawa. Lokacin an fara Shari'a, kowa na taka-tsantsan. Baffa ya yanke hukunci: ko jita, ko ni.

Zuhair ya sayar da jitar, ya turo min ƙanwarsa da saƙo.

Da farko na ji daɗi. Ranar Asabar ina guga, kewarsa ta sa na kunna kaset ɗin. Sautin yana miƙewa yana lanƙwasa, ya tafi can nesa ya dawo. A karo na uku na tsaya cak... Ƙarƙashin duk wannan rugugin, busar sarewar makiyaya ce, irin ta rugarmu ta Ringim! Ban farga ba sai da gyalena ya ƙone.

Da ya zo da yamma ko gaisuwa ban amsa ba.

"Wa ya ce ka sayar?"

"Ke da Baffa mana."

"Ni kurma ce a lokacin! Kai ma kurma ne?"

Na ɗauki rikodar na nufi turakar Baffa. Na durƙusa.

"Baffa, an yi masa ƙazafi. Don Allah ka ji da kunnenka. In bori ne, na haƙura da shi."

Ya harare ni, amma ya saurara. Can na ga babban yatsan ƙafarsa na motsi.

"Wannan ai da ita muke kora shanu mashaya," ya faɗa a hankali. "Wane ja'irin ne ya jona mata lantarki?"

"Surukinka ne, Baffa..."

"Marar kunya! Ce masa ya turo magabatansa."

Karsanata, jikar wadda aka ba ni ranar sunana, na sa aka kai kasuwa, na fanso jitar da kuɗin. Ranar da aka kai ni ɗakina, jitar na cikin kayana.