Zaren Kaset a Gonar Abdulfatah

Ana kiran sallar magariba dutse na farko ya faɗo kan kwanon gidan Abdulfatah. Matarsa Asama'u tana kwashe tuwo, ta ɗaga kai ta ce yaran unguwa ne. Na biyu ya faɗo. Na ukun bai zo ta sama ba, daga uwar ɗaki ya fito, ya gangaro har gaban murhu ya tsaya. Kaji suka yi tsit a akurki. Jannatu, 'yarsu mai shekara goma sha uku, tana tsugune da buta a hannu, ta ƙura wa katangar baya ido, wajen da gonarsu take, ko ƙiftawa ba ta yi.

Wanda zai gane abin da ya faɗa wa gidan nan sai ya san mai gidan. A shekarar 1996 Abdulfatah yana aiki a wani ofishin aikin gona a Gumel, inda kwamfuta ɗaya tak ta riƙe sunayen manoma da gonaki da rijiyoyi tun daga Gagarawa har Maigatari. Saboda tsoron ranar da kwamfutar za ta mutu, duk Alhamis ana kwafe abin da ke cikinta a kan kaset, ta wata na'ura mai kama da rakoda, a jera kaset ɗin a kanta. Aikin Abdulfatah ke nan: ya goge kan na'urar da auduga da sifirit, ya sa kaset, ya rubuta kwanan wata. Aikin da bai kai awa guda ba, amma in ba ka ce masa Injiniya ba, ba zai amsa gaisuwarka ba. Audugar ma kunne yake sosawa da ita.

Da datti ya yi wa na'urar yawa ta fara tauna zare, aka aiko da sabuwa daga Kano. Bakin sabuwar ƙarami ne, tsofaffin kaset ba sa shiga. Hezekiah, dattijon akawun ofishin, ya ce masa, "Kada ka cire tsohuwar sai ka kwashe abin da ke cikin tsofaffin kaset ka mayar kan sababbi."

"Oga Hezekiah, ka tsaya a kan biro da takarda," in ji Abdulfatah. Ya cisge tsohuwar ya jefa bayan ƙofa, ya ɗaura sabuwa, ya zuba kaset arba'in a buhu ya kawo gida.

Lokacin geronsa ya fara ido, tsuntsayen jan-baki sun sa gonaki a gaba. Ya farfasa kaset ɗin, ya zare zaren, ya giggitta shi a gona, yana walƙiya yana kuka in iska ta kaɗa. Ƙarshensa duka ya ɗaure a jikin tsamiyar da ke kan iyaka, wadda ko makiyaya ba sa shan inuwarta. Ya tsaya yana yaba wa kansa dabara.

Kwana bakwai ana abu ɗaya. Da rana ta yi ja sai jifa, sai wata ziza kamar ta ƙudan zuma ta cika tsakar gida. Daga nan Jannatu ta miƙe tsaye, ta fara jero sunayen mutanen da ba ta taɓa gani ba da muryar tsohon namiji: wane ɗan wane, gona kaza, rijiya kaza. Ta daina ci, wuyanta ya zama kamar sillen kara. A asibiti aka ce ba a ga komai ba. Abdulfatah ya ce zazzaɓi ne ya hau kai. Ya san sunayen sarai, tunda shi ya yi shekara uku yana kwafe su, amma ya yi kamar bai taɓa jin su ba.

Asama'u ba ta ƙara neman shawararsa ba. Ta hau mota ta tafi Ɗanzomo, ta zo da kawunta Malam Cindo, tsoho marar yawan magana wanda aka sani da ruƙiyya.

Ya iso bayan la'asar. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kwantar da yarinyar, uwar ta riƙe mata kai. Ya yi ta karatu a hankali har inuwar katanga ta rufe tsakar gida. Sai jikin Jannatu ya sandare, bakinta ya buɗe da muryar tsohon nan.

"Ya isa, Malam. Ka ƙona ni."

"Wane ne kai, me yarinya ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ubanta ne. Tun kafin a haifi kakansa nake cikin tsamiyar nan. Ya tare mini hanyar rijiya da zare, ya yanke wa tsohuwata ƙafa. Ga surutu. Ku kukan zare kuke ji, mu sunaye muke ji, dare da rana, ba hutu. Tunda ya cika mini gida da su, na kawo masa su nasa gidan."

"Zalunci ka yi. Wanda bai ji ba bai gani ba ka kama. Me zai fitar da kai?"

"Baƙin bunsuru."

"Ko ɗan tsako ba za a yanka maka ba," in ji Malam, ya ci gaba da karatu. Yarinyar ta yi ƙara, ta murɗe.

"Na bari! A kwance zaren. Duka, gobe kafin rana ta faɗi. In aka yi alkawari yanzu zan fita."

Malam Cindo ya waiwayi Abdulfatah, wanda ya raɓe a bakin zaure. Abin da ake jira kalma ɗaya ce, kuma ko baƙo a wajen zai faɗe ta. Shi kuwa Injiniya sai ya gyara murya.

"Allah gafarta Malam, a tambaye shi ko zai ƙara haƙuri. Kwana goma sha biyu ya rage a yi girbi. In aka kwance yanzu tsuntsaye za su gama da geron. Ko a cire na wajen tsamiya, a bar rabin gabas."

Asama'u ta dube shi kamar yadda ake duban abin da aka taka a hanya. Sai dariya ta fito daga bakin yarinyar, doguwa, marar daɗin ji.

"Malam, ni ka kira azzalumi. To ga uban."

"Ni zan kwance," in ji Asama'u. "Da hannuna, har zare na ƙarshe. Ka sakar mini 'yata."

"Na karɓi naki. Shi ko rantsuwa ya yi ba na so."

Malam ya sa aljanin ya yi alkawarin ba zai dawo ba. Jannatu ta yi atishawa uku, jikinta ya saki, ta nemi ruwa.

Washegari Asama'u ta wuni a gona, zare ya yayyanka mata yatsu. Kafin mako tsuntsaye suka bar musu kara. Jifa ya tsaya.

Ranar da Jannatu ta fara cin tuwo, Abdulfatah ya shigo da ƙullin tsire, ya tsuguna gefen tabarmarta yana washe baki.

"Sannu 'yar Baba. Kin tsorata mu. Allah Ya so ki ba ki san abin da ya faru ba."

Ta dubi tsiren, ba ta miƙa hannu ba.

"Bakina kawai ya riƙe, Baba, bai riƙe kunnena ba," ta ce. "Kwana goma sha biyu ka ce."