Sa Hannun Khairiyya

Khairiyya na kishingiɗe a ƙarƙashin darbejiyar gidansu na Wurno, amma zuciyarta tana can bakin dam ɗin Goronyo, inda Uwaisu ya yi alkawarin gina musu ɗaki mai tagar da ke kallon ruwa. Har ji take kamar iskar kogin na kaɗa mata mayafi. Saura wata guda bikinsu.

Da la'asar ya yi sallama a zaure. Babu murmushi, takarda kawai ya miƙa mata.

"Duba nan. Wai Babana ya amshi injin ban-ruwa daga kamfanin mahaifinki, da kuɗin da banki ya ware wa manoma. Mutum ɗari biyu, Khairiyya! Ko tiyo ba mu gani ba, albassarmu ta ƙone, ga banki na biɗar mu biya. Sa hannun wa ne nan ƙasa?"

Nata ne. Tun tana jami'a mahaifinta, Alhaji Mode, ya sa ta darakta a kamfaninsa. Fom yake kawo mata, ta sa hannu tana latsa waya.

"Baba ya ce shi ya fasa surukuta da ku," in ji Uwaisu. "Ni kau ba ni iya barin ki."

Da kuka ta faɗa falon mahaifinta, ta durƙusa.

"Baba, mi munka rasa? Motoci shidda, gida Abuja, gida Sakkwato!"

Ya kawar da kai, ya ce:

"Ba yunwa ba ce, ɗiyata. Waɗanda nake zama da su, in wani ya gina bene uku, sai in kasa barci. Kuma kowa na yi, ba a kama kowa ba. Takarda ce kawai, ban taɓa ganin fuskar ko mutum guda ba."

"To ɗayansu surukina ne, Baba. Ka gahwarce ni, amma in an tambaye ni, gaskiya zan faɗi."

Sati uku bai amsa gaisuwarta ba. Dangi suka ce ta zaɓi saurayi ta bar uba. Ta rame, tana yini tana saƙa da warwara, amma da masu binciken kuɗin manoman suka kira ta, ba ta ɓoye komai ba.

Bayan haka Alhaji ya tafi Goronyo shi kaɗai, ya tsaya a busassun gonakin nan, ya ga masu su ido da ido. Gidan Abuja ya sayar ya biya banki, kotu ta ci shi tara, aminansa suka daina ɗaukar wayarsa.

Sai da aka shekara biyu mahaifin Uwaisu ya huce. Ranar ɗaurin aure, shi da kansa ya kamo hannun Alhaji Mode ya zaunar da shi kusa da liman. Da labarin ya iso cikin gida, Khairiyya ta kifa kai a cinyar Innarta, tana kuka tana dariya.

Wanda bai iya cewa "ya isa" ba, ko duniya aka ba shi yunwa zai kwana da ita. Mai haƙuri a kan gaskiya kuwa, komai daɗewa ba ya taɓewa.