Ranar da Aka Gama Garin Kwali

"Ina kwalin?"

Abin da Auta ta fara tambaya ke nan tun ba ta gama saukowa daga bene ba. Ko gaisuwa babu. Mutumin da ya kamata a ce sun yi aure tun watan jiya, ba don dokar kulle ba, yana tsaye a wajen get da takunkumi a fuska. Bayan babur ɗinsa wayam.

"Ban kawo ba."

"Ka manta?"

"Ban manta ba, Autata. Na daina kawowa ne."

Gyaran firij ne sana'arsa, shi ya sa yaran gidan suke kiransa Kawu Firij. Saboda firjin kantunan magani aka ba shi izinin fita, kuma duk inda ya ga kwali sai ya ɗauro mata shi a babur. Wasu samarin turare suke kai wa 'yan matansu, shi kwali yake kaiwa, kuma Allah ya sani ya fi turaren shiga ranta.

Asalin maganar kuwa daga Yaya ta taso. Yaya ce ta raini Auta bayan rasuwar iyayensu, ita ce kuma ta raini 'ya'yanta biyu ita kaɗai bayan rasuwar mijinta. Nas ce. Da annoba ta yi tsanani aka tura ta ɗakin masu cutar, aka ce ba zuwa gida. Ranar da ta tafi, ƙaramin ya kwanta a bakin ƙofa yana ihu har muryarsa ta dishe. Sai bakin Auta ya suɓuce.

"Tashi mu gina gari da kwali. Ranar da muka gama, Mama za ta dawo."

Ta ɗauka 'yan kwanaki ne. Sai ga shi cutar ta kama Yaya ita ma, aka kwantar da ita a gadon da take kwantar da wasu. Tun daga ranar garin ya ƙi ƙarewa.

"Kin sa sun yi kasuwa," in ji Kawu Firij yana lanƙwasa yatsu. "Sun yi filin jirgi. Sun yi gidan namun daji. Shekaranjiya kin ce tashar jirgin ruwa, a garin da ba shi da ko rafi!"

"To sai me? Yara ne! Me kake so in ce musu?"

"Gaskiya. Mamansu ba ta da lafiya, su yi mata addu'a."

"Idan ta warke ta faɗa musu da bakinta."

"In ba ta warke ba fa?"

Auta ta ji kamar ya watsa mata ruwan zafi.

"Kar ka ƙara! Kar ka sake ƙarawa!"

"Ki saurare ni..."

"Dama abin da ke ranka ke nan. Gani kake su suka tsare maka aure. Matar nan ita ce uwata, ita ce ubana, ta bar mini amanar 'ya'yanta, kai kuma kana tsaye kana yi mata fatan..." Ta kasa ƙarasawa. "Kwali fa! Abin da ake zubarwa a bola! In shi ma ya fi ƙarfinka, to kar ka ƙara zuwa."

"Haba masoyiya..."

Ta riga ta juya. Tana hawa bene tana jiran ya kira ta, bai kira ba. Ƙarar babur ɗinsa kawai ta ji, kuma abin ya yi mata ciwo fiye da yadda ta zata.

A sama, falon Yaya ya daɗe da daina zama falo. An tura kujeru jikin bango, gari ya cinye tsakar ɗakin kaf. Tituna na baƙin salatif, turakun wuta na tsinken tsintsiya da zare a matsayin waya, motoci na kwalin ashana masu tayar marfin kwalba. A tsakiya ga asibiti na kwalin takalmi, a ƙofarsa wata 'yar tsana ta auduga sanye da farin ƙyalle. Wannan ita ce Mama, ba mai taɓa ta.

Babbar, 'yar shekara goma, ita ce Malama, don tun tana ƙarama ba ta da aiki sai gyara wa mutane kuskure. Ƙaramin, ɗan shekara biyar, shi ne Injiniya, kullum da gam a gashinsa.

"Anti, ina kwalin?" ya tambaya.

"Kawu bai samu ba yau."

"To ai mun kusa gamawa! Gada ce kawai ta rage!"

Auta ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta tsaya tana kallon kayan aurenta da ke jere a lungu, kowanne a kwalinsa. Ba ta yi dogon tunani ba. Ta zazzage faranti a kan gado, ta fitar da tukwane, ta fitar da dutsen guga, ta kwaso kwalayen ta zube musu.

"Gari ba makarantar koyon tuƙi? Ba gidan rediyo? Wane irin gari ne wannan?"

Injiniya ya yi tsalle. Malama ta dube ta kawai, ta ɗauki almakashi.

Kwalayen aure ma suka ƙare. Auta ta koma kwalin sabulu, kwalin ganyen shayi, har bayan kalanda. Kullum da hantsi takan fita baranda ta ja ƙofa, ta kira abokiyar aikin Yaya. Amsar ba ta canzawa sai dai ta ƙara nauyi: an sa mata iskar numfashi, an ƙara mata iskar, a ci gaba da addu'a. Takan duba wayar ko Kawu Firij ya kira. Bai kira ba, ita ma taurin kai ya hana ta.

Abu ɗaya ne ya riƙa ba ta mamaki. Gadar nan ba ta taɓa kwana a tsaye. A liƙa ta da yamma, da safe a tarar ta rushe. Injiniya ya zargi gam, ya zargi ɓera, har Anti ya zarga da tafiya cikin barci.

Wata safiya Auta tana yi masa wanka ta tuna ta bar tawul a falo. Tana buɗe ƙofa ta ga Malama a durƙushe, tana ɓamɓare ƙafafun gadar ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don kar a ji.

"Malama! Ke ce?"

Yarinyar ba ta razana ba. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ina taya ki ne, Anti."

"Taya ni me?"

"Ƙofar baranda ba ta rufuwa sosai. Ina jin komai." Ta ajiye ƙafar gadar. "In muka gama Mama ba ta dawo ba, Injiniya zai gane. Shi ya sa nake tashi kafin kowa."

Auta ta zauna a kan titin salatif. Ashe duk tsawon lokacin nan yarinyar tana ɗauke da wannan tsoro ita kaɗai, tana yankan kwali tana murmushi don kar Anti ta damu. Kunya ta kama ta, tausayi ya kama ta. Ta jawo Malama jikinta, suka yi kukan da kowaccensu ta daɗe tana ɓoye wa 'yar'uwarta.

"Anti! Sanyi nake ji!" Injiniya ya ƙwala daga banɗaki.

Ta naɗo shi a tawul, ta zaunar da shi a cinyarta, ta faɗa masa komai. Mama ba ta da lafiya sosai. Gama gari ba shi zai dawo da ita ba, Anti ce ta faɗi haka don ya daina kuka, kuma ba gaskiya ba ne.

Ya daɗe yana kallonta.

"Kin yi ƙarya?"

"Na yi."

"Mama ta ce babu kyau."

"Babu kyau, Injiniya. Ka yafe mini."

Da rana abokiyar aikin Yaya ta yarda ta riƙe mata waya. Fuskar da ta fito a gilashin wayar ta rame, robar numfashi ta rufe rabinta, amma idanun na Yaya ne. Malama ta zagaya da wayar unguwa-unguwa, Injiniya yana bayani da ƙarfi: ga kasuwa, ga zakin gidan namun daji, ga ki nan a ƙofar asibiti! Idanun Yaya suka yi dariya. Ta ɗan janye robar da ƙyar.

"Gadar fa... ta karye..."

"Za mu gyara, Mama!"

"Ku gama... ina so in gani."

Ta juyo da idonta kan Auta. Auta ta gyaɗa mata kai.

Kafin rana ta faɗi suka gama. Malama da kanta ta riƙe ƙafafun gadar har gam ya bushe. Suka ɗauki hoto suka tura, aka ce an nuna mata, ta ɗaga yatsa.

Washegari da hantsi, asibiti ne suka kira. Ba a bari kowa ya je jana'izar ba, dokar ke nan.

Ba a jima ba Auta ta ji ƙarar babur. Ta sauko a hankali, yaran na biye da ita. Yana wajen get yana kwance wani ƙaton kwalin firij wanda ya fi shi tsayi, gumi na zubo masa.

"Na kawo," ya ce bai ko ɗago ba. "Na kasa, Autata. Ko daidai ne ko ba daidai ba, ki gina duniya in kina so, ni zan riƙa kawo..."

"Mun gama."

Ya ɗago. Ya ga idanunta.

"Yaya?"

Ta girgiza kai.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un..." Ya dafa ƙarfen get ɗin, kansa a ƙasa.

"Kai ne da gaskiya," ta ce. "Na faɗa musu. Sun yi magana da ita jiya." Ta share fuska. "Amma ka sani tun yanzu, ba ni kaɗai ba ce kuma. Mu uku ne. In abin ya yi maka yawa, wallahi ba zan ga laifinka ba."

"Ke dai ba kya rabo da neman faɗa," ya ce da muryar kuka. "Wa ya ce miki ke kaɗai nake zuwa gani?"

Malama ta zare sakatar get ɗin ba tare da ta tambayi kowa ba. Injiniya ya fita, ya zagaya kwalin yana shafa shi, ya ƙwanƙwasa jikinsa.

"Wannan gida ne," ya yanke hukunci. "Kawu, ka yanka masa ƙofa babba... ko Mama za ta zo."

Auta ta toshe baki da hannu. Kawu Firij ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da na yaron.

"Mama ba za ta zo ba, Injiniya."

Yaron ya dube shi.

"To wa zai zo?"

"Ni. Kullum, har ka gaji da ni."

Injiniya ya auna shi da ido tun daga takalmi har kai, hawaye na gangaro masa, ya juya ya dubi kwalin.

"To ka yanka ta daidai tsayinka."