Gawa Mai Kallon Gabas

Da hantsi aka bugo wa Sufeto Ashafa waya a ofishinsu na Kankia: an tsinci gawar Malam Ishaq a gonarsa, kan hanyar Kusada.

Ashafa ba ya aiki da "jikina ya ba ni". Kullum sai ya tuna wa yaransa cewa zato zunubi ne, su kawo masa hujja.

To, ranar hujja har ta yi yawa. Ga rauni a ƙeya, ga sawun shanu, ga sandar makiyayi yashe a gefe. Kowa ya shaida ta Bubayero ce, wanda shanunsa suka yi wa marigayin ɓarna makon jiya.

Amma yana tsaye kan gawar gabansa na ta faɗuwa. Wani abu bai zauna daidai ba, ya rasa mene ne.

"Wa ya fara ganinsa?"

"Ni ne, yallaɓai," in ji Mudassir, ƙanen marigayin, malamin Islamiyya. Idanunsa sun yi jawur.

"Ka taɓa shi?"

"Ko kusa. Daga bakin gona na hango shi, na ruga gari ina salati."

Aka kamo Bubayero.

"Sandata ce," in ji shi. "Amma ran da muka yi rigima Malam ya amshe ta. Aradu ban sake ganin ta ba."

Sajan Babba ya taɓe baki. "Oga, mu rufe fayil kawai. Samari sun sayi fetur, sun rantse ana binne Malam za su ƙone rugar su Bubayero."

Rugar da ke cike da mata da yara. Hankalin Ashafa ya tashi ƙwarai.

Sai da ya fuskanci gabas zai ta da sallar azahar abin ya faɗo masa. Yana sallamewa ya buɗe hotunan da ke wayarsa. Gaban rigar Malam duk ƙasa, alamar rub da ciki ya faɗi. Amma ga shi kwance ta gefen dama, fuska na kallon alƙibla, an shafe masa ido, har hula an gyara masa.

Wannan ba aikin maƙiyi mai gudu ba ne. Sai dai ya kwaɓi kansa: Bubayero ma Musulmi ne, alƙali kuma ba ya hukunci da faɗuwar gaba.

Ya nufi gidan rasuwa, ya nemi ganin Hannatu, matar marigayin.

"Allah ya jiƙan Malam. Ya taɓa kawo wata sanda gida?"

"Ta Bafillacen? Tana bayan ƙofar zaure tun rannan."

"Da ita ya fita yau?"

"A'a, fartanya kaɗai ya ɗauka."

"Wa ya shiga zauren bayansa?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Da ƙyar ta ce, "Ƙanenshi."

Ashafa ya ja Mudassir gefe, ya nuna masa hoton.

"Malam, ka ce ba wanda ya riga ka ganinsa, kai kuma ba ka taɓa shi ba. To, wa ya juya shi gabas?"

Mudassir ya dubi hoton, ya ce:

"Gonar mahaifinmu zai saida wa mai gidan mai. Na ɗauki sandar in maida wa mai ita, na biya ta gonar, muka yi cacar baki da Yaya, ya juya mani baya. Sau ɗaya ne, wallahi. Na bar sandar nan don a ce Bubayero ne. Har na kai bakin gona na komo. Ya zan bar Yaya kife a ƙasa?"

Babba ya fita ya shaida wa samari. Ɗaya bayan ɗaya suka ajiye jarkokinsu, ba mai iya kallon wani. Aka buga waya a saki Bubayero.

Ashafa ya zaro ankwa.

"Yallaɓai," in ji Mudassir, "ka bari in yi mashi sallah."

Hankali ya ce a'a, taron nan bai huce ba. Ashafa ya dubi ankwar, ya dubi makarar da ake fitowa da ita. Ya mai da ankwar aljihu, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi a sahun ƙarshe.

Liman na yin sallama, Mudassir ya miƙo hannuwansa biyu da kansa.