Baƙin Bijimin Zabinu

A Zu'ara, garin dabinon nan da ke kudu da Tekun Gishiri, mu Nabaɗawa mun san alama. In awarwaron azurfa ya fara dusashewa a hannun mata, iska kuma ta ɗauko wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, to kwalta ta kusa tasowa daga ƙarƙashin ruwa. Takan fito ne dunƙule guda, baƙa ƙirin, tana yawo kamar tsibiri. Babban dunƙule bijimi muke ce masa, ƙarami kuwa maraƙi. Sai maza su tura jiragen kara su yi tsere, wanda ya riga isa shi ke sa gatari. Misirawa ke saye, da ita suke shafe gawarwakin manyansu don kada su ruɓe, kuma ba su cika jan ciniki ba. Shi tekun, ba a kiran sunansa a bakin ruwa. Tsohuwa muke cewa.

Zabinu ɗan Halafu a wannan sana'a ya tashi, jirgi ɗaya suke tuƙawa da wansa Kahlanu. Tun da matar Kahlanu ta rasu ya dawo gidan ƙanen da zama, suna ci daga tukunyar Hinatu, matar Zabinu, tare da 'yarsu budurwa, Kulaiba. Maraƙi suke samu, wani lokacin ma ragowar abin da manya suka bari. Ba su taɓa kwana da yunwa ba, sai dai ba a san su da komai ba.

Abin da ya ɓata Zabinu tafiya ce guda. Ya bi ayarin kwalta zuwa Rakmu, babban birninmu na cikin duwatsu, ya ga fataken turaren lubban suna zaune a gidajen da ruwa ke gudu a tsakar gida, bayi na yi musu fifita. Wani daga cikinsu ya toshe hanci da Zabinu ya gifta. Tun daga ranar gurasar Hinatu ta daina yi masa daɗi.

Kahlanu ya lura, ya riƙa tsokanarsa. Yakan ce attajirin Rakmu ya taimaka ya ɗaga filafilin tuƙi, kada talakawa su riga su. Zabinu ba ya dariya.

A cikin dutsen gishirin da ke yamma da gari akwai wata bokanya, Kamkam. An ce da can tana yi wa gunkin Manata hidima, aka kore ta saboda wani abu da ba a faɗa. Zabinu ya hau wurinta da tsakar rana, lokacin da zafi ya kora kowa inuwa.

Kogon fari ne fat, gishiri ya sauko daga rufi kamar haƙora, yana ɗiga a hankali. A can ciki an kafa wani dutse mai tsayin mutum, ba ido ba baki, an shafe shi da kwalta har ta yi kauri. A jikin kwaltar an manna abubuwa: zobba, kitson gashi, haƙoran yara, igiyar takalmi. Ƙasusuwan tsuntsaye sun cika gindinsa, ga jini ya bushe, amma ko ƙuda ɗaya babu. A gabansa akwai wata ƙwarya da aka sassaƙa da gishiri, cike da ruwan teku, ruwan yana motsi alhali ba iska.

Kamkam ba ta ɗago kai ba. Ta ce ta san shi, ɗan Halafu ne, mai warin kwalta da zuciyar attajirai. Ya tsuguna ya ajiye dabino da ɗan akuyan da ya kawo, ya faɗi buƙatarsa: yana so bijimi ya riƙa tasowa a gaban jirginsa, ba a gaban na kowa ba.

"Ɗauke akuyarka, ɗan nan," in ji ta. "Ka taɓa ganin Tsohuwa ta haɗiye wani abu? Ka jefa mata itace ta tofar, ka jefa mata mutum ta tofar. Tun da aka yi ta bayarwa take yi, ba ta taɓa ci ba. Kana tsammanin ɗan akuya zai ishe ta?"

"To me take so, Iya? In jini ne, ga nawa. In rabin abin da zan samu ne, na yarda."

"Me za ta yi da rabin abin da ke cikinta?"

"Ki faɗa mini dai. Ba na shiga cinikin da ban san farashinsa ba."

Sai a lokacin ta dube shi. Idanunta sun yi fari kamar bangon kogon. "Nauyi take so. Kai kuma ga shi ya danne ka, tun daga ƙasa nake jin nishinka. Ita za ta ba ka bijimi, ta ɗauke maka nauyin da ke kanka, kaɗan-kaɗan. Shi ke nan."

Zabinu ya dubi baƙin dutsen. Zuciyarsa ta ce masa ya sake tambaya, wane irin nauyi. Amma ya ji tsoron amsar, ya kuma ji tsoron komawa gida hannu wofi, sai ya gaya wa kansa cewa ba a taɓa yin mutumin da ya ƙi a sauke masa kaya ba. Ya ce ya yarda.

Ta ɓantaro kwalta daga jikin dutsen ta mulmula, ta tsaga masa babban yatsa ta ɗiga jinin a kai. Ta ce ya kai bakinsa ya raɗa sunan duk wanda ke ci daga tukunyar gidansa, don arziki ya san ƙofar da zai shiga. Ya raɗa Kahlanu, ya raɗa Hinatu, ya raɗa Kulaiba. Da ya zo kan nasa sunan sai harshensa ya noƙe, ya rufe baki. Kamkam ta yi murmushi. Ta saka dunƙulen a ƙwaryar. Kowane yaro a Zu'ara ya san kwalta ba ta nitsewa a wannan ruwa. Wannan ta nitse.

Kafin dabino ya nuna, azurfar gari ta yi baƙi, bijimi ya taso daf da jirginsu, har ya kusa kife su. Tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Bayansa wani ya zo, sai wani. Sauran masu jirage suka gaji da tseren banza suka dawo yi wa Zabinu aiki. Ya sayi raƙuma, ayarinsa ya riƙa kai kaya har Gazza, Misirawa na tarbarsa tun daga ƙofar gari. Ya rushe gidan laka ya gina na dutse, ya jawo ruwa tsakar gida. Hinatu ta sa awarwaro har gwiwar hannu. Kahlanu kaɗai ya ƙi barin gatari, ya ce shi zaman darduma ciwon baya yake sa shi.

Wata rana suna kan wani bijimi ana sara, ƙafar Kahlanu ta zame ya faɗa ruwa. Ma'aikata suka yi dariya, shi ma ya yi, don ba a nitsewa a nan. Ya kwanta rigingine a kan ruwan yana goge ido, ya ce wa ƙanensa, "Jefo igiya mana, mai kuɗi, ko ita ma sai an biya?"

Zabinu na kwance igiyar ya ga fuskar wansa ta sauya. Kahlanu ya ce a hankali, kamar mai jin kunya, wai wani abu ya riƙe masa ƙugu. Daga nan ya fara yin ƙasa. Bai yi kokawa ba, idonsa na kan Zabinu har ruwa ya rufe shi. Aka jira ya taso, bai taso ba.

Zabinu ya gane irin nauyin da Tsohuwa ke ɗauke masa. Kada wani ya ce bai gane ba. Ya yi kuka na gaskiya, ya yanka wa babban gunkinmu Dushara raƙumi, ya hana Hinatu da Kulaiba kusantar bakin ruwa. Amma da azurfa ta sake dusashewa, shi ya fara tura jirgi. Ya ce wa ransa Kahlanu babban mutum ne, ƙila Tsohuwa ta ƙoshi.

Kulaiba ta fara cewa ruwan gidansu gishiri ne. Aka kawo na rijiyar gari, ta ce gishiri. Aka matse mata rumman, ta tofar. Leɓɓanta suka tsattsage, ta daina waƙar da take yi in tana niƙa. Takan tsaya a tsakar gida ta karkata kai, ta ce baffanta na kiranta ta kawo masa igiya. Wata azahar, gida na hutawa, ta buɗe ƙofa ta fita. Mata masu kwasar gishiri suka gan ta ta shiga ruwan, a inda bai wuce gwiwa ba. Suka ce ta riƙa sauka kamar mai bin matakala, har kitsonta ya ɓace.

Su matan ne suka gaya wa Hinatu cewa sun taɓa ganin mijinta yana hawa dutsen Kamkam. Ta same shi zaune a bakin ruwan tsakar gida. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baban Kulaiba, me ka ba matar nan?"

"Ban ba ta komai ba. Sunaye kawai na faɗa."

"Har da nawa?"

Ya kawar da kai. Ta gyaɗa kai ta koma ɗaki. Daga ranar ba ta sake magana mai kan gado ba. Takan dafa abinci ta kai bakin teku ta jera akusa, ta zauna tana yi wa Kahlanu da Kulaiba faɗa don sun bar shi ya huce. Takan goge awarwaronta da yashi har fatar hannunta ta saɓule.

Zabinu ya koma kogon, ya zube a gaban Kamkam. Ya ce ta karɓi raƙuma da gida da duk abin da ya tara, a warware. Ta ce ba a warwarewa. Ya ce to Tsohuwa ta ɗauke shi ta bar masa Hinatu.

"Ba ta san ka ba," in ji Kamkam. "Ranar da kake jera sunaye, naka ka tsallake. Ni ban ce ka tsallake ba, ɗan Halafu. Tun a ranar ka san abin da kake sayarwa."

Yana saukowa warin ya tarbe shi. Wani bijimi ya taso, ya fi duk na baya, ma'aikatansa har sun hau sun fara sara. Ya isa daidai lokacin da gatarin ɗayansu ya ɓare wani ɓangare. A ciki akwai hannun mace, baƙi wul, yatsun a buɗe, kusa da shi kuma kafaɗar namiji. Mutanen suka watsar da gatura suka yi gaɓa. Zabinu ya hau shi kaɗai yana tono da farce, yana kiran 'yarsa, sai bijimin ya fara nitsewa a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya tafi da abin da ke cikinsa, ya bar Zabinu yana yawo a kan ruwa. Da ya kai gaɓa ya tarar da akusan Hinatu a jere, da takalmanta a gefe.

Labari ya riga ayarinsa isa Gazza. Misirawa suka ce ba za su shafe matattunsu da matattun wani ba. Ba wanda ya sake yarda ya hau jirginsa ko ya ja raƙuminsa.

A wurinmu ba abin da ya fi muni kamar mamaci ya rasa gida. Zabinu ya sayar da abin da ya rage ya tafi Rakmu, ya ɗauki masassaƙa su sassaƙa wa mutanensa kabari a jikin jan dutse, ko da ba gawar da za a sa. Suka fara daga sama, yadda ake yi, suka fitar da kai mai kyau da kawunan ginshiƙai. Da suka kai rabi sai dutsen ya fara gumi. Suka ɗanɗana, gishiri ne, a wurin da ke nesa da teku tafiyar kwanaki. Masu kasa kunne suka ce sun ji motsin ruwa a ciki, da wata murya tana niƙa tana waƙa. Suka sauko suka kwashe kayan aikinsu, ko ladansu ba su tsaya karɓa ba.

Kabarin na nan har yau, kai ba ƙafa, ba ƙofar shiga. A gindinsa Zabinu ya ƙarasa rayuwarsa, kuma ya daɗe ƙwarai, ciwon kai ma bai taɓa yi ba. Yakan tare fatake ya roƙe su su ɗora masa kaya, kowane iri, ko ba lada. Ba wanda ya taɓa ba shi.

Ku da idonku ke kan gidan wani, ku ji da kyau. Babu kogo ko gunki da ke ƙera arziki; musaya suke yi, kuma ba sa karɓar abin da ba ya yi maka ciwo. Boka bai taɓa yaudarar wanda bai zo da yaudararsa a zuciya ba. In haɗama ta kai ka gaban irin su Kamkam har aka ce ka faɗi sunaye, ka tashi ka fita da talaucinka, ka koma gida ka tarar da mutanenka da rai.