Muryar Baban Chizuru

Shuhei ya fara ganin Chizuru ne a saman tsani, tana tsinkar tuffa a gonar babanta, shi kuma yana ƙasa da rakoda a hannu, takalminsa ya nutse a taɓo. Harshen Japananci yake karanta a jami'ar cikin gari, yana bin ƙauyukan yankin Tsugaru yana naɗar maganar tsofaffi kafin su tafi da abarsu.

"Japananci?" ta ce tana dariya. "To da wane yare mamarka ta yi maka rarrashi?"

"Irin na kakanninku nake nema. Ya kusa ƙarewa."

"Sannu Malam. Riƙe min tsanin nan, in ka iya."

Ya riƙe har yamma, bai naɗi komai ba.

Da soyayya ta yi nisa, ya sa kwat ya je ya durƙusa gaban babanta, Kasai.

"Me kake nomawa?" tsohon ya tambaya.

"Magana nake tarawa, Baba."

"Ni ba babanka ba ne. Magana ake ci a gidanku?"

Ba za a ga laifin tsohon ba. Chizuru ce kaɗai gare shi, matasa duk sun gudu Tokyo, gonakin maƙwabta sai sarewa ake yi. Ga Daigo, ɗan amininsa, wanda ya iya askin bishiya tun yana yaro. Shuhei kuwa ko almakashi bai iya riƙewa ba.

Da sanyi ya shigo, Chizuru ta daina ɗaga waya. Ran nan Shuhei ya hango ta a motar Daigo. Ya rubuta mata:

"Chizu tawa, na ganku. In kin zaɓa, ki faɗa min da bakinki."

Sai washegari ta amsa:

"Asibiti yake kai mu, Malam. Ciwon daji ne a maƙogwaron Baba. Za su yi aiki, ba zai ƙara magana ba. Ba zan iya saɓa masa yanzu ba. Ina sonka, ka yafe min."

Shuhei ya yi kuka sosai, ya haƙura. Har ya fara ɗaure littattafansa sai ga wani saƙon: "Baba ya ce ka zo da na'urarka."

Ya sami Kasai a rumfar ajiye tuffa, dusar ƙanƙara ta kai gwiwa a waje. Tsohon ya rame, muryarsa ta dishe. Chizuru na tsaye a bakin ƙofa.

"Kai mai tara magana, kunna."

Shuhei ya zaci sunayen kayan aiki za a ba shi. Tsohon ya gyara zama, ya saki yaren ƙauye tsantsa:

"Jama'a, na gode da kuka zo bikin 'yata. Wannan yaron da ta kawo min bai iya komai ba. Amma tunda na kore shi take shayar da ni miya ba gishiri, kuma ba ta sani ba. Na ba shi ita."

Na'urar ta kusa suɓucewa daga hannun Shuhei.

"Riƙe da kyau, sakarai! Ba ni da wata muryar da zan maimaita."

Aka yi bikin lokacin da tuffa ta yi fure. An yi wa tsohon aikin, amma likitoci ba su yi alƙawarin zai ga lokacin kaka ba, gonar ma babu wanda ya san makomarta. Kasai na zaune da ƙyalle naɗe a wuya, bakinsa a rufe, muryarsa na fita daga lasifika:

"Chizuru, na sa muku albarka. In kun haihu ba na nan, ku kunna wa yaron wannan, ya ji yadda mutanen gidansu suke magana."

Chizuru ta kifa kai a kafaɗar mijinta tana kuka. Tsohon ya miƙo hannu, ya taɓa Shuhei, ya nuna na'urar da yatsa: a sake kunnawa.